Mai-suna a Sawakin

Kakata, mahaifiyar babana, ita kaɗai ce mace a duk ƙauyenmu da ta je Makka da ƙafa. Shi ya sa ake ce mata Hajiyar Ƙasa, don a bambanta ta da hajiyoyin jirgi, waɗanda suke tafiya sati huɗu su dawo da haƙorin zinariya da tari. Ita shekara tara ta yi tsakanin tafiya da dawowa. Tafin ƙafarta kuwa, wallahi in ta taka ƙaya, ƙayar ce take neman magani.

Da damina muke samun ta yadda muke so. In an idar da sallar isha ruwa yana yayyafi, sai ta shiga rumfar girki ta tona garwashin da ya rage daga tuwon dare, ta jera masara sabuwar karya, mu jikoki bakwai mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Hayaƙi yana shiga ido, sauro yana cin rabonsa, awaki suna atishawa a bayan zana, amma ko da bulala ba ka isa ka tashe mu ba. Ni ta fi tsokana. Maigida take ce mini, ni kuma ina ce mata uwargida, ina yi mata barazanar saki duk ranar da ta ba ni masarar da ta ƙone.

"Sake ni mana," in ji ta. "Mijin da ko wando bai iya ɗaurewa ba, me na ci da shi?"

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta buga sandar tona wuta a dutsen murhu ta ce, "To, ga wata tafe, da ƙafa take." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta ƙaraso mu ba ta ruwa." Tana da su da yawa, na dariya da na tsoro, amma akwai guda ɗaya da ba ta wuce sau biyu a damina, kuma ba a roƙon ta. Ita take kawo ta da kanta, ranar da ta ga dama.

Wai wata mata ce da mijinta da ɗansu suka nufi gabas. Suka yi ta tafiya, in guzuri ya ƙare su tsaya su tsinci auduga a gonar wasu, in sun tara su ƙara gaba, har ranar da ƙasa ta ƙare musu ƙaf, sai ruwa. A cikin ruwan nan akwai wani gari, Sawakin. Ba da tubali aka gina shi ba, da wani farin dutse ne da ake haƙowa daga cikin teku, mai huji-huji kamar waina. Gida a kan gida a kan gida. Tagoginsu na katako ne da aka sassaƙa kamar ɗinkin hula, mace tana ciki tana kallonka kai ba ka ganinta. Turkawa sun yi mulki sun tafi, Nasara sun zo sun ajiye bindigogi masu bakin da ɗan akuya zai kwana a ciki. Amma duk na rana ne, in ji Hajiya. In rana ta faɗi, garin na maguna ne, kuma magunan nan ba maguna ba ne.

A nan sai ƙananan cikinmu su fara matsowa jikin manya.

Jirgin da yake haye da mutane zuwa ƙasa mai tsarki, a tatsuniyar, sau ɗaya yake zuwa a shekara. A bakinsa akwai wani Banasare da gilashi a ido, yana duba harshe da fatar duk mai shiga. Aka zo kan yaron, ashe ƙyanda ta fito masa a daren jiya. Banasare ya ce uwa ta shiga, uba ya shiga, yaro a'a. Shekara huɗu suna tsintar auduga saboda wannan rana. Sai wata tsohuwa mai suyar kifi a bakin ƙofar gari ta ce, ku bar mini shi, wata biyu ai kamar gobe ne. Suka bar shi da ɗan kwanonsa.

Can ƙetare mijin ya kwanta bai tashi ba. Wata biyu ya zama shekara biyu, matar tana ɗiban ruwa tana wanki kafin ta samu hanyar dawowa. Ta sauka Sawakin ta nufi ƙofar gari da gudu. Babu tsohuwa, babu kasko, sai toka. Kwana uku tana shiga gida gida, har dare ya yi mata a wani kango. Nan Sarkin Maguna ya fito, baƙi wuluk, girman ɗan maraƙi, ya zauna ya naɗe wutsiya.

Hajiya tana maƙale murya in za ta yi maganarsa. "Baiwar Allah, duk yaran da aka bari a garin nan suna wurinmu, bayan ƙyauren nan. Kira sunan naki, zai fito."

Matar ta ce, "Kai!" Sai yara ɗari suka amsa daga ciki.

"Suna na ce."

Ta ce, "Mai-suna!" Yara arba'in suka amsa.

"Baiwar Allah, suna na ce. Zakara ya kusa cara."

To, ɗan fari ne, kuma sunan surukinta aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya, tun ranar da aka raɗa shi bai taɓa bi ta bakinta ba. Ta buɗe baki, harshe ya yi mata nauyi kamar dutsen niƙa. Ta sake buɗewa. Zakara ya yi cara, mage ya ɓace, ƙyaure ya koma bango. Ayarin masu komawa yamma kuma ya riga ya ɗaura kaya. Ta bi su.

Kullum a nan rigima take ɓarkewa a rumfar girki. Mu yi ta ihu kamar matar tana jinmu. Ni na fi kowa zaƙewa.

"Uwargida, wannan mata ba ta da wayo!"

"Ba ta da shi kuwa, maigida. Ko na anini."

"Da ni ne, ihun da zan yi sai an ji a Kano."

"Kai ai ko ba a ce ka kira ba kira kake yi. Ungo masararka."

Daga nan sai ta yayyafa wa wutar ruwa ta ce, "Na sauke kayana a nan, wanda ya ga ƙarya a ciki ya ɗauka ya kai wa uwarsa." Mu watse muna dariya, ni ina kwaikwayon matar, ina buɗe baki kamar kifi, 'yan'uwana suna faɗuwa a taɓo. Hajiya ma takan yi dariya. Na rantse takan yi.

Ina aji biyu na sakandare ta rasu. Rayuwa ta yi ta jujjuya ni, daga yaron mota zuwa direba, daga Kano zuwa Legas, har na tsinci kaina a Doha ina tuƙa motar sanyi a kasuwar kayan gwari ta Abu Hamour. Tumatir yana cikin sanyi a baya kamar ɗan sarki, ni ina gaba ina dahuwa. Ɗakinmu a unguwar Najma mu shida ne, gado a kan gado, in na ƙasa ya yi atishawa na sama ne yake cewa alhamdu lillahi. Tatsuniyar Sawakin kuwa na manta da ita ƙaf.

Wata Juma'a Gwaggo Ladi ta aiko a ce in kira ta. Ita ce ƙanwar babana, ita kaɗai ta rage a 'ya'yan Hajiya, idonta ma ya fara tafiya. Bayan gaisuwar da ta cinye rabin katina, ta ce, "Sale, an ce ƙasar da kake tana maƙwabtaka da Sawakin."

"Gwaggo, maƙwabtaka irin ta ƙauyenmu da farin wata. Wa ya gaya miki?"

"Ba duk gabas ba ne?"

"Gabas ne. Me kika ajiye a garin maguna?"

Ta ce, "Yayanmu."

Na ce wane yaya, ai babana ne babba. Ta ce a'a. Kafin Inna ta auri kakanku ta yi wani aure, da wani malami baƙo da ya ratso garinsu, ba wanda ya san danginsa. Da shi ta tafi Makka, shi ya mutu a can. Yaron kuwa shekararsa bakwai. Kwana uku kafin Hajiya ta cika ta kira Gwaggo ta gaya mata, ta ce ba mage ba ƙyaure, amma sauran duk haka aka yi.

Ina tsaye a bakin masallaci, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Abin da ya fara zo mini ba yaron ba ne, bakina ne, yadda nake buɗe shi kamar kifi a gabanta.

"Gwaggo, kin tambaye ta sunan?"

"Na tambaya."

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ni da kunya. Ta juya fuska bango."

"Sunan mijin fa? Ko na uban mijin, tunda shi aka mayar?"

"Sale, macen da ba ta faɗi na ɗanta ba, na mijin fari za ta faɗa?"

Abin da ke hannunta kaɗan ne. Tsage uku a kowane kunci, wushirya, da tsohuwa mai suyar kifi a ƙofar gari. Ta ce ita ba ta neman komai a wurinsa. In yana raye ta ji muryarsa, in ya mutu ta san inda aka sa shi, don in ta je wurin Inna ta samu abin gaya mata. Ni kuwa bakina bai taɓa jiran shawarata ba. Na ce, "Gwaggo, ki sha kuruminki. Ko a cikin kifi yake sai na fito da shi."

Akwai wani mai gadin sito a kasuwarmu, Haruna, Bahaushen Sudan ne, haifaffen Bur Sudan. Kakanninsa ma hanyar Makka ce ta zubar da su a can. Hausarsa irin ta mutanen da ce, an zuba mata Larabci kamar yaji, in yana magana sai in ji kamar an tono tsohon kaset. Da na ba shi labari ya ce hutunsa ya kusa, in zo mu tafi tare, Sawakin ai sa'a guda ce daga gidansu. Na je wurin kafil, wato ubangidana a wurin aiki, na ce ina da mara lafiya. Ya ce a Nijeriya? Na ce a Sudan. Ya ce kai dangin naka ba su da iyaka? Ya ba ni sati biyu ya ce yalla, in tafi. Hutun da ya kamata in je in ga matata da 'ya'yana ke nan. Wannan duk kafin yaƙi ya ɓarke a ƙasar ne.

Mun isa Sawakin da hantsi a wata motar haya da na tabbata ta girmi Hajiya. Ni da nake taƙama na san zafi a Doha, a nan na gane ashe firamare na yi. Iskar teku tana manne maka a jiki kamar rigar da aka tsoma a kunu. Muka wuce kasuwa, muka wuce raƙuma da wasu dogayen mutane masu tulin gashi, muka bi wata siririyar hanya da aka cike a kan ruwa, sai ga ƙofar gari.

Ni mutum ne da in na ga ɓera nakan ba da labarin zomo, amma ranar nan ban samu abin ƙarawa ba. Farin dutsen yana nan, da huji-hujinsa kamar waina. Gida a kan gida yana nan, sai dai duk sun durƙusa, na sama ya faɗa cikin na ƙasa, titi ya zama tudun duwatsu. Can wani bango ya tsaya shi kaɗai da taga ɗaya ta sassaƙaƙƙen katako tana lilo, babu ɗaki a bayanta, sai sararin sama. Bindigogin Nasara suna nan a gaban wani kangon ofis, sun yi tsatsa, suna auna tekun da ba mai zuwa. Haruna yana nuna mini, nan ne kwastan, nan banki, nan gidan wani attajiri da aka ce ɗakunansa sun kai kwanakin shekara. Masallatai biyu ne kawai aka gyara aka shafa musu farar ƙasa, sun yi fes a tsakiyar kufai kamar baƙin da suka zo biki suka tarar da zaman makoki. Daga nesa ga jirgin Jidda yana lodin mutane da buhuna.

Maguna kuwa, jama'a! A kan kowane dutse akwai ɗaya. Ba sa gudu, ba sa roƙo, kallonka kawai suke kamar ka zo ba ka yi sallama ba. Wani baƙi ya biyo ni tun daga ƙofa har bakin ruwa. Ni da gemuna da furfurata sai da na karanta Ayatul Kursiyyu. Haruna yana ta dariya, ya ce su ma haka iyayensu suka gaya musu, ba a dukan magen Sawakin.

Ba kowa a tsibirin sai mu da maguna. Mutane suna can ƙetaren hanya, a unguwannin katako da kwano. Haruna ya kai ni wata rumfa inda dattawan Hausawa suke zama suna shan gahawa mai citta a 'yan ƙananan kofuna. Da suka ji daga Nijeriya nake sai aka matsa mini a tabarma, wannan yana tambayar Katsina, wancan yana tambayar ko har yanzu ana rini a Kano, garuruwan da ba su taɓa gani ba. Sai da aka zagaya kofi uku na faɗi abin da ya kawo ni.

Babbansu, wani mai jan rawani, ya ce, "Madalla da zumunci. Yaya sunansa?"

"Mai-suna ake ce masa."

"Na'am. Sunan wa?"

"Na kakansa."

"To, kakan yaya sunansa?"

"Shi ne ban sani ba, Baba."

"Uban fa?"

"Shi ma."

Wani mai ido ɗaya a gefe ya ajiye kofi. "Yaro, ka hau jirgin sama, ka hau mota, ka zo neman mutumin da ba shi da suna, ɗan wanda ba shi da suna, jikan wanda ba shi da suna?"

"Yana da tsage uku a kowane kunci," na ce da sauri.

Mai jan rawani ya juya mini kuncinsa. Mai ido ɗaya ya juya nasa. Na bi rumfar da kallo, ashe a ƙasar nan tsage uku kamar hanci ne, Larabawansu da Hausawansu kowa da nasa. Har mai dafa gahawar.

"An bar shi wurin wata mai suyar kifi a ƙofar gari."

"Uwata ta soya kifi a ƙofar gari," in ji mai ido ɗaya. "Uwar wannan ma. Me kake so mace ta soya a Sawakin, ɗan wake?"

Aka yi dariya, har da ni, don ban ga abin yi ba. Sai mai jan rawani ya ɗaga hannu. Ya ce wasa wasa ne, amma zamanin da ake tsare alhazai a duba lafiyarsu an bar yara da yawa a garin nan, wasu an dawo an ɗauka, wasu shiru. Shi ya san guda huɗu da suka tsufa a nan. Uku sun riga mu. Saura Idrisu mai ɗinkin komar kamun kifi.

Mun same shi a bakin ruwa ƙarƙashin wani kwale-kwale da aka kifa, koma a kan gwiwa, yana ɗinki da lalube. Tsoho ne tukuf, siriri, baƙi, da tsagensa uku da suka nutse cikin tamoji. Na durƙusa na gaishe shi. Na zuba masa ido ina neman Hajiya a fuskarsa. In na so, ga goshinta nan. In na so kuma, goshin kowa ne.

Na ba shi labari tun daga auduga har jirgi. Bai daina ɗinki ba.

"Baba, Idrisu sunanka na yanka ne?"

"Shi nake amsawa tun da na yi wayo. Ko da shi na zo, ko mai kwale-kwalen da ya riƙe ni ne ya ba ni, Allah masani."

"Ka tuna ko ka yi ƙyanda?"

"Wane yaro ne bai yi ba?"

"Ka tuna mahaifiyarka?"

Ya ɗan tsaya. "Na tuna bayan wata mace. Tana tafiya, da ƙullin kaya a ka. Ban tuna ta juyo ba. Wataƙila ta juyo, ni ne ban riƙe ba."

Saura alama ɗaya. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Baba, ka yi haƙuri, kana da wushirya?"

Sai ya ajiye koma ya wangale mini baki. Haƙori ko ɗaya babu, fili fetal kamar filin idi. Ya yi dariya har da tari. "Ɗana, ka makara. Sun riga ni tafiya."

"Da can fa?"

"Da can wa yake da madubi? Matata ce za ta sani, ita ma ta tafi."

Na zauna a yashi. Haruna ya ce tunda mun zo, a kira Gwaggo mana. Na kira, aka kai mata wayar, na ce ga wani dattijo, ban ce shi ne ba, ban ce ba shi ba ne. Na sa a lasifika na riƙe a tsakaninmu.

Sun fi minti biyar suna gaisuwa. Ina gajiya, ina gida, yaya zafi, yaya damina, shi yana amsa damina alhali a garinsu sai a shekara ba a ga hadarin kirki ba. Da gaisuwa ta ƙare aka rasa mai farawa.

"An ce sunanka Idrisu," in ji Gwaggo.

"Haka ake ce mini. Shi ne sunan?"

"Ni ma ban sani ba."

"To."

"Innarmu doguwa ce. Tana da ɗan tabo a gira."

"Ni bayan tawa kawai na sani, baiwar Allah."

Na ji Gwaggo tana jan hanci. Tsohon ya sunkuyar da kai yana murza zaren koma a yatsa. Can ta ce, a hankali, kamar mai taka ƙasar da ba ta yarda da ita ba, "Ta dawo fa. In kai ne, ta dawo ta nema. Kwana uku tana zagaya garin nan."

Haruna ya juya baya yana kallon teku.

"Allah ya sa kai ne," in ji Gwaggo.

"Amin. Allah ya sa ke ce."

Da na koma Doha na ba wani likita ɗan garinmu da ke zaune a Al Muntazah labari. Ya ce ai yanzu wannan ba abin wahala ba ne, da ɗan yawu a auduga za a gane ko jini ɗaya ne. Na kira Gwaggo da murna kamar na tsinci rijiyar mai. Ta saurare ni har na gama ta ce, "In aka auna aka ce ba shi ba ne fa?" Na ce sai mu san gaskiya. Ta ce, "In yi me da ita? Bar mini shi haka." Abin da ta roƙa ɗaya ne, in saya masa riga da hula in aika kafin Sallah, don ba a barin babban wa ba kayan Sallah.

Da muna yara, abin da muka ɗauka daga tatsuniyar nan shi ne kada ka bari kunya ta cuce ka. Na daɗe ina jin haushin Hajiya a kan haka bayan na dawo. Kalma ɗaya, ko a kunnen Gwaggo, da ta wadatar. Amma na tsaya a garin nan na ga girmansa, na ga yadda mutum yake ɓacewa a cikinsa. Mace ita kaɗai, ba miji, ba Larabci, ayari yana jiranta. Ko ta hau hasumiya ta yi ta kwala sunan har muryarta ta dushe, Idrisu nawa ne, Audu nawa ne a bakin tekun nan? Yanzu ina ganin ita ta ƙirƙiro magen da ƙyauren don ta samu inda za ta ajiye laifi. Ta gwammace ta ce akwai ƙofa ita ce ta kasa buɗewa, da ta yarda babu ƙofar tun farko. Shi ya sa take zaunar da mu, sau biyu a damina, mu ce mata ba ta da wayo, ta ce haka ne. Ni kuma da na fi kowa ɗaga murya, na bar nawa 'ya'yan na ce shekara biyu zan yi. Bana ta goma sha ɗaya. Autata ta san ni ne a gilashin waya, in na yi mata wasa sai ta kalli uwarta ta ga ko ya kamata ta yi dariya.

Rigar na saya, fara, da hula mai ruwan toka. Na kai wani ofishin aika kaya a nan Najma. Ma'aikacin ya jawo takarda ya ce sunan mai karɓa. Na ce Idrisu. Ya ce suna uku ake rubutawa, nasa da na uba da na kaka. Na ce mai ɗinkin koma, Sawakin, kowa ya san shi. Ya ce babu layin kowa ya san shi a takardar. Na ce zan tambayo. Na yi ta cewa gobe, aiki ya yi yawa, Sallah ta wuce, na ce sai Haruna zai je hutu in ba shi. Kafin hutun ya zo yaƙi ya zo. Haruna ya tafi kwaso iyalinsa bai dawo ba, lambarsa ta daina shiga, ta mai jan rawani ma haka.

Gwaggo ta rasu bayan wata bakwai. Maganarmu ta ƙarshe, muryarta ta yi ƙasa sosai, ta ce, "Rigar ta yi wa Yaya daidai?"

Rigar tana cikin leda a ƙarƙashin gadona, ina kallonta. Na ce, "Kamar a jikinsa aka ɗinka, Gwaggo. An ce da ita ya je idi, duk garin ana kallonsa."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. To sai in gaya wa Inna."